Yadda Mota Ta Sami Rufi

Yaran da muke koyarwa a makarantun ƙasar Gwandu sun buɗi ido sun tarad da mota tana da rufi da ƙofofi da tagogin gilashi, don haka suna tsammani da su aka ƙago ta, kamar yadda kunkuru yake zuwa duniya da ƙoƙon bayansa. To, ba haka al'amarin yake ba. Mota ta yi kusan shekara 40 tana yawo a duniya, galibinta a buɗe, rana ta doki mai ita, ruwa ya jiƙa shi, kafin a kai ga yin rufaffiya wadda mai matsakaicin hali zai iya saye. Na ga ya kyautu in tattara labarin nan domin 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, gama darasi ne wanda ya haɗa Tarihi da Lissafi da Labarin Ƙasa wuri guda, kuma wanda ya bi shi a hankali zai ga bai tsaya a ƙasashen Turawa ba, ya biyo hanyar Kalgo har ya wuce ta ƙofar makarantunmu.

A shekarar 1886 wani Bajamushe mai suna Karl Benz, mazaunin birnin Mannheim, ya sami takardar shaidar ƙago keke mai ƙafa uku wanda inji ke turawa. Waɗanda suka biyo bayansa ba su wahalad da kansu wajen neman sabuwar siffa ba. Keken doki suka sani, sai suka ɗauko shi, suka kwance dokin, suka sa inji a madadinsa. Amma fa doki tafiyarsa da sauƙi, mota kuwa da ta fara gudu sai iska da ƙura suka zama abokan tafiya. Shi ya sa in ka duba hotunan zamanin za ka ga masu mota sun sha doguwar riga har idon sawu, sun rufe idanunsu da manyan tabarau, matansu sun ɗaure huluna da mayafi, sai ka ce ayarin Buzaye ne za shi Bilma ɗauko gishiri.

Akwai wata rumfa ta yadi mai kauri wadda akan naɗe a bayan mota, in hadari ya taso a warware ta, sa'an nan a ɗaura labulaye a gefe da maɓallai. Aikin yana cin lokaci, sau da yawa kafin a gama ruwa ya riga ya yi abin da ya kawo shi. A arewacin Amurka, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, mutane da yawa sukan tsiyaye ruwan inji, su ɗora motar bisa itace cikin ɗaki, ba a sāke fito da ita sai sanyi ya wuce. Watau mutum ya zuba dukiya ya sayi abin hawa, amma wani sashe na shekara kaɗai yake cin moriyarsa.

Ba wai ba a san rufaffiyar mota ba ne. Louis Renault na Faransa ya ƙera guda tun wajen 1900, a 1910 kuma kamfanin Cadillac na Amurka ya ba wasu masu ƙera jikin mota, ana ce da su Fisher, aikin rufaffun jikuna 150, abin da aka ɗauka babban ciniki a lokacin. Sai dai ta manya ce. Mu nan mun san laima. In ka hango ta cikin taron dawaki ran Salla, ba ka bukatar tambayar wane ne a ƙarƙashinta. To, haka rufin mota yake a wancan zamani. Har ma wasu motocin attajirai sashen baya kaɗai ake rufewa, direba yana gaba a fili yana shan iska, kamar dai yadda zagi ba ya shiga inuwar laimar ubangidansa.

Me ya sa rufi ya yi tsada haka? Nan ne ya kamata malami ya tsaya, kada ya yi gaggawa, gama a nan darasin yake. Jikin rufaffiyar mota aikin hannu ne na masassaƙa. Sukan sassaƙa ginshiƙai na katako mai ƙarfi, su lanƙwasa wasu, su haɗa su gaɓa gaɓa da manne da ƙusa, kāna su lulluɓe su da fallen ƙarfe, su yi wa ciki shimfiɗa da yadi. In sun gama sai masu fenti su karɓa, su kuwa su ne suka fi kowa jan lokaci. Fentin zamanin ba ya bushewa da wuri. A shafa, a jira ya bushe, a goge, a sāke shafawa, haka haka sau da yawa, har mota guda takan yi mako biyu zuwa huɗu a hannunsu, tana ajiye cikin ɗakin da ba a yarda ƙura ta shiga ba. Ka duba yawan ɗakunan da mai ƙera motoci 1,000 a yini zai gina domin jiran fenti kawai! Ga kuma gilashi, yana da tsada, in ya fashe kuwa sai ya zama wuƙaƙe, har mutane da yawa suna tsoron zama a tsakiyarsa. Bayan wannan duka ga nauyi, wanda ƙaramin inji ba ya iya ja, ga hanyoyi marasa kyau masu girgiza katako har gaɓoɓi su saki, ƙofa ta ƙi rufuwa. Mu da muka yi karatun allo mun san bambancin tamanin littafin da malami ya zauna ya kwafa da alƙalaminsa da wanda aka buga a maɗaba'a. Ƙasan mota, watau inji da ƙafafu, shi ya riga shiga maɗaba'a, samanta kuwa ya daɗe a hannun mai alƙalami.

Wanda ya fara karya tamanin mota shi ne Henry Ford na birnin Detroit a Amurka. A 1908 ya fito da motarsa Model T, buɗaɗɗiya mai ɗaukar mutum 5, a kan dala 850. Dalar Amurka nake nufi, ba dalar da tsofaffinmu ke kiran sule biyu da ita ba. A 1913 ya tsara aikinsa yadda mota ce ke tafiya ta iske ma'aikaci, kowa yana tsaye wurinsa yana ɗaura abu guda, har haɗa ƙasan mota ya sauko daga wajen sa'a 12 zuwa sa'a ɗaya da rabi. A 1915 buɗaɗɗiyar ta komo dala 490. Amma rufaffiyarta a shekarar nan dala 975 ce, kusan ninki biyu ke nan. Saboda haka har 1919, cikin kowace mota 100 da aka ƙera a Amurka, 10 kaɗai ne rufaffu.

Ba Ford ne ya warware wannan ƙulli ba. Wani kamfani ne da bai kai shi girma ba, Hudson, shi ma a Detroit, wanda Roy Chapin ke shugabanta. Suna da wata mota mai sauƙin kuɗi da suke kira Essex. Sai suka tambayi kansu, shin mai saye lanƙwasa da ado yake so, ko kuwa tsari daga ruwa da sanyi? Da suka gane amsar, sai suka zubad da adon. Suka yanka katako a miƙe da inji, kowane guntu daidai da ɗan'uwansa, suka yi bango shafaffe ba lanƙwasa, tagogi masu kusurwa huɗu, ƙofa biyu maimakon huɗu, kujerun gaba kuma a tura su mutanen baya su wuce. Motar ta fito kasuwa domin shekarar 1922 a kan dala 1,495, alhali buɗaɗɗiyar Essex tana dala 1,195. Rarar dala 300 ke nan kaɗai, abin da ba a taɓa gani ba. Masu gasa da su suka yi dariya, suna kwatanta ta da akwatin kaya. Lalle ba kyakkyawa ba ce, wanda ya ga hotonta ba zai yi musu ba. Amma wanda ruwa ya doka ba ya raina bukka. Mutane suka yi ta saye, da yawan saye ya ƙaru sai tamani ya ƙara sauka, har a 1925 rufaffiyar Essex ta komo dala 895, buɗaɗɗiyar kuwa 900. Kun ji, rufi ya zama kyauta, har da gyaran dala 5! Daga nan dariya ta ƙare, kowane kamfani ya shiga yin irin nasa akwatin. A 1924 rufaffu sun kai 43 cikin 100, a 1927 sun kai 85. A 1929 kuma Hudson da Essex suka zama na uku wajen yawan ciniki a Amurka, bayan Ford da Chevrolet.

Dabarar Essex ita kaɗai da ba ta isa ba, sai da waɗansu abubuwa suka taimaka mata. Edward Budd na birnin Philadelphia ya kafa kamfani a 1912 domin buga fallen ƙarfe da manyan injuna ya fito da siffar da ake so, a liƙa shi da wuta ba katako, kamfanin Dodge kuma ya fito da rufaffiyar mota mai jikin ƙarfe a 1923. Kamfanin DuPont ya haɗa wani fenti mai suna Duco, wanda ake fesawa ya bushe cikin sa'o'i, aka fara sa shi ga motocin Oakland na 1924, ɗakunan jira suka zama ba su da amfani. Tun 1912 Cadillac ta sa na'urar ta da inji da batir, wadda Charles Kettering ya ƙago, aka huta da murɗa ƙarfe a gaban mota, aikin da ya sha karya hannuwa, mata kuma suka sami damar tuƙi, su kuwa ba su son ƙura ta ɓata musu tufafi. Gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi ga hanyoyi da dokokin 1916 da 1921. A 1919 kamfanin General Motors ya buɗe sashen ba da mota bashi a biya wata wata, har wanda ba shi da kuɗin rufaffiya a hannu ya iya ɗaukarta. Malamanmu suna da magana a kan ruwan da ake ɗora wa irin wannan bashi, amma ba nan ne wurinta ba. Duk da haka tsakiyar rufin ya zauna na yadi bisa katako da waya, yana yoyo in ya tsufa, sai a 1935 General Motors ta fito da rufi na fallen ƙarfe guda.

Shi kuwa Ford, ya tsaya a kan tsohuwar motarsa. Ya yi ta rage kuɗi har ƙaramar buɗaɗɗiya ta sauko dala 260 a 1925, mai ɗaukar mutum 5 dala 290, amma rufaffiya mai ƙofa biyu tana dala 580. Model T mota ce mara nauyi, an yi ta domin laka da gargada, in an ɗora mata ɗaki sai ta zama kamar jakin da aka yi wa kayan raƙumi. Masu saye suka fara gwammace tsohuwar rufaffiya ta wani kamfani bisa sabuwar buɗaɗɗiya ta Ford. A watan Mayu na 1927, bayan an ƙera fiye da miliyan 15, ya tsai da aikinta, ya rufe ma'aikatarsa wajen wata 6, sa'an nan ya fito da Model A a watan Disamba, da gilashin gaba irin wanda in ya fashe ba ya tarwatsewa. A ganina wannan shi ne abin mamaki cikin labarin duka, mutumin da ya koya wa duniya araha, araha ba ta cece shi ba ran da bukatar mutane ta sāke.

Turai ta biyo sawu. André Citroën na Faransa ya nuna mota mai jikin ƙarfe bisa dabarar Budd a 1924. A Ingila ƙaramar motar nan Austin Seven ta fito a buɗe a 1922, ta sami rufi a 1926, shekarar da aka kafa ma'aikatar buga jikin mota a Cowley kusa da Oxford. Su Ingilishi suna kiran rufaffiyar mota da sunan da ya zama salun a bakinmu. Sa'ad da Sarkin Gwandu Usman ya tafi Ingila a 1934, tare da Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, galibin sababbin motocin ƙasar sun riga sun zama salun.

To, mu komo gida. A ƙasarmu labarin ya bi wata hanya dabam, domin mota ba yawon shan iska ya kawo ta ba, kaya ta zo ɗauka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Gusau da Kaura Namoda a 1929, ya tsaya nan, bai ƙaraso Sakkwato ko Birnin Kebbi ba. Saboda haka gyada da auduga da fatu na wannan yanki, waɗanda dā jakai da raƙuma da jiragen ruwa ke ɗauka, sai suka koma bisa lori zuwa bakin dogo. Lorin kuwa ƙasanta kaɗai ake kawowa daga waje, masassaƙan ƙasar nan su gina mata bodi na katako. Mutum shi ne ƙari bisa kaya. Wanda yake da hali ya biya kuɗin gaba ya zauna kusa da direba, saura su hau bisa buhuna tare da yaran mota, in ruwa ya sauko a ja tamfol. Kun ga laimar nan ta sāke dawowa, ta zama gaban mota.

Ku lura kuma da bambancin wuri, gama nan Labarin Ƙasa ya shigo. Ba'amurke sanyi da ruwa ya guda. Mu a Gwandu da Kalgo, ruwa wata huɗu ne ko biyar, abin da ya fi damunmu ƙura ce da rana. Wanda ya taɓa bin hanyar burji a bayan mota da hunturu, ya sauka gira da gemu sun yi ja, ƙirji yana zafi, ya san amfanin gilashi. Amma da bazara, lokacin da zafi ke wuce awo 40 a ma'aunin zafi, ɗakin ƙarfe mai rufaffun tagogi tanda ne. Na'urar sanyaya mota ba ta fito ba sai 1939, a motocin Packard masu tsada, kuma ta daɗe ba ta kai ga talaka ba. Don haka rumfar katako mai buɗaɗɗen gefe ba wauta ba ce ga ƙasar zafi, masassaƙanmu sun san abin da suke yi. Aibinta ba ta tsare rai in mota ta kife.

Rufaffiya mai sauƙin kuɗi ta iso gare mu a makare, kuma sau biyu. Na farko a 1975, da aka fara harhaɗa Peugeot, wadda muke kira Fijo, a Kaduna, da Volkswagen a Ikko, ma'aikatan Gwamnati da malaman makaranta suna samun bashin mota. Da darajar naira ta faɗi daga 1986 sai sabuwar mota ta fi ƙarfinsu. Na biyu shi ne tsofaffin motocin Turai da aka riƙa shigowa da su bayan haka, da yawansu ta Kwatano. Irinsu ne ke jigilar fasinja a manyan hanyoyin Jihar Kebbi, wadda aka kafa a 1991. Kalgo tana bisa hanyar da ta haɗa Birnin Kebbi da Jega, daga nan kuma hanya ta rabu zuwa Bunza da Kamba, saboda haka wanda ya zauna bakin titi a nan zai ga zamanin mota duka suna wucewa a yini guda: ga salun mai sanyi gilashi a rufe, ga ƙaramar motar haya an cusa mutane fiye da kujerunta, ga akori-kura ta ɗauko buhunan shinkafa da albasa, mutane a bisa ƙafafu suna reto. Haka kuma a Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda Sarki ya bari ya koma Birnin Kebbi tun farkon zamanin Turawa, mutanen ƙauye da yawa bisa babur ko bayan akori-kura suke shigowa cin kasuwa, tsohuwa da mai goyo da mara lafiya duk a rana. Ba su zaɓi haka don son iska ba. Kujera cikin rufi tana da kuɗinta, kuma ƙaramar salun ba ta shiga hanyar da yashi da zaizayar ruwa suka cinye. Abu biyun da suka tsare Ba'amurke a buɗaɗɗiyar mota a 1919, watau tamani da hanya, su ne suke tsare da su.

Wani amfanin rufi kuma da Turawa ba su lissafa ba, mu mun san shi. Matan kulle, waɗanda dā ba su fita unguwa sai duhu ya yi, rufaffiyar mota ta sauƙaƙa kai su asibiti ko gidan biki da rana cikin sutura. Ina tsammani wannan ya taimaki mata masu naƙuda fiye da yadda ake faɗi.

Amma kada malami ya yabi rufi ya manta da haɗarinsa, gama yaranmu ne abin ya fi shafa. Motar da aka ajiye a rana gilashi a rufe, cikinta yakan fi waje zafi nesa ba kusa ba cikin ɗan lokaci, kuma an sha samun yara sun shiga ajiyayyar mota wasa, ƙofa ta kulle, suka rasu a ciki. Hayaƙin inji kuma yana da guba wadda ba ta da wari ko launi, in ya tsiyayo cikin rufaffiyar tsohuwar mota sai barci ya ɗauki mutum, ba ya farkawa. A gaya musu wannan a fili, a maimaita, a ce su gaya wa ƙannensu.

Game da koyad da darasin, ni na fi son a fara da abin da yara suka gani da idonsu. A aike su, biyu biyu, su tsaya nesa da bakin hanya ran kasuwa na rabin sa'a, su ƙidaya mutanen da suka wuce cikin rufi da waɗanda suka wuce a fili, bisa babur ko bayan mota, su mai da shi kaza cikin 100, sa'an nan a rubuta lissafinsu a allo kusa da na Amurka na 1919 da 1924 da 1927, su da kansu su faɗi wace shekara garinsu ya fi kama da ita. Domin gwada zafi, a sa ruwa a ƙoƙo biyu da hantsi, a kifa wa guda garwa, a yi wa guda inuwa da zana, a bar su har azahar, kowane yaro ya tsoma yatsa. Ga manyan aji kuwa a ba su tamanin Essex: buɗaɗɗiya dala 1,195, rufaffiya 1,495, su nemo kashi nawa cikin 100 mai saye ya ƙara domin rufi, kāna su yi haka ga Ford na 1915, dala 490 da 975. Na farkon zai ba su wajen 25, na biyun 99. In wani yaro ya samo 20 ga na farko, to, da tamanin rufaffiyar ya raba, a nuna masa ya raba da na buɗaɗɗiyar.